Kuɗin da Gurɓatar Unguwa Take Ci a Gidajenmu

 

An roƙe ni in yi magana a kan zaman iyali a birni da lafiyar unguwa. Tambayar da nake so mu duba tare ita ce: idan iskar unguwa ta cika da hayaƙi, ko ruwan rijiya ya sāke ɗanɗano, ko bola ta taso har bakin ƙofa, me mutanen gida suke yi? Yawancinmu za mu ce, “Haƙuri.” To, masana tattalin arziki sun yi fiye da shekara 50 suna bin diddigin wannan tambaya a birane dabam-dabam na duniya. Abin da suka gano shi ne, babu gidan da yake naɗe hannu ya zauna kawai. Kowane gida yana biyan wani abu, ko kuɗi, ko lokaci, ko lafiya. Abubuwa biyu ne kuma suke nuna wanda zai tsira da wanda zai sha wahala, wato sani da hali. A kan wannan zan tsaya yau.

Kafin mu shiga, bari in faɗi yadda waɗannan masana suke aikinsu. Ba su cika dogara ga tambayar mutum ko ya damu da ƙazanta ba, domin baki yakan faɗi abin da mai tambaya yake so ya ji. Aljihu suke dubawa. Nawa aka sayar da gida? Ina mutane suka ƙaura? Me aka saya a kanti a makon da aka yi sanarwa cewa ruwa ba shi da kyau? Daga irin waɗannan alƙaluma suke gane darajar da iyali suke ba iska mai kyau da ruwa mai tsabta, ko da yake ba a kasa iska a kasuwa. Sun ga hanyoyi uku da gidaje suke bi.

Hanya ta farko: ƙaura

Tun a shekarar 1967 waɗansu masana biyu a Amurka, Ronald Ridker da John Henning, suka kwatanta kuɗin gidaje a unguwannin birnin St. Louis, suka ga inda iska ta fi gurɓata gidaje sun fi araha. Daga nan aka yi ta irin wannan bincike. Wani babba daga cikinsu ya fito a 2015, wanda Janet Currie da abokan aikinta suka yi. Sun bi tarihin masana'antu 1,600 masu fitar da guba a jihohi biyar na Amurka, lokacin da aka buɗe su da lokacin da aka rufe su. Suka tarar idan aka buɗe irin wannan masana'anta, darajar gidajen da suke cikin rabin mil daga wurin takan faɗi da kashi 11 cikin 100. Suka kuma duba takardun haihuwa, suka ga a cikin mil ɗaya daga masana'antar, haihuwar jarirai marasa cikakken nauyi tana ƙaruwa da kimanin kashi 3 cikin 100.

Ku lura da wannan da kyau, 'yan'uwa. Kuɗin gida ya faɗi a cikin rabin mil, amma lahanin da ake yi wa jarirai ya kai mil guda. Wato mutane suna gudun abin da ido ya gani da abin da hanci ya ji, gubar kuwa tana wuce inda ido ya tsaya.

Idan kuɗin gida ya faɗi, wa yake shiga? A 2008 Spencer Banzhaf da Randall Walsh suka duba ƙidayar jama'a ta jihar Kalifoniya tsakanin 1990 da 2000. Suka ga inda gurɓata ta ƙaru mutane sukan ragu, unguwar kuma takan koma ta masu ƙaramin ƙarfi. Mai hali ya kwashe kayansa ya tafi, gidan ya yi araha, marar hali ya zo ya kama haya. Ba sai an tafi Amurka kafin a ga wannan ba. Ku tambayi kuɗin ɗaki a bakin babbar kwata ko kusa da bola a garinku, ku kwatanta da na layin da yake kan tudu. Wannan ragin da ake yi wa mai haya, a asibiti da kantin magani yake cika shi.

Hanya ta biyu: sayen kāriya

Wanda bai ƙaura ba yakan sayi abin da zai kāre iyalinsa. A 2011 Joshua Graff Zivin, Matthew Neidell da Wolfram Schlenker suka duba cinikin manyan kantuna a arewacin Kalifoniya da Nevada. Duk lokacin da aka sanar cewa an sami ƙwayoyin cuta a ruwan famfo, cinikin ruwan gora yakan tashi da kashi 22 cikin 100. Idan sinadarai ne aka samu, yakan tashi da kashi 17.

A ƙasar Sin kuwa iska ce damuwar. Tun daga shekarun 1950 gwamnati ta riƙa ba biranen da suke arewa da kogin Huai ɗumamar gidaje da kwal a lokacin sanyi, kyauta ko da rangwame, na kudu da kogin ba a ba su ba. Saboda haka hayaƙin arewa ya fi na kudu yawa. Koichiro Ito da Shuang Zhang suka duba cinikin na'urorin tace iska a birane 80, suka buga sakamakon a 2020. Sun ga mutanen arewa da kogin sun fi sayen na'urori masu ƙarfi da tsada. Sun kuma ga abubuwa biyu da za mu koma kansu: gidaje masu samu da yawa sun fi yarda su biya, kuma kowa ya ƙara yarda ya biya bayan 2013, lokacin da jaridu da talabijin suka fara bayyana lahanin hayaƙin a fili.

Mu ma muna cikin wannan lissafi. Jakar ruwan leda da ake saya kowane mako, jarkokin 'yan garuwa, itace ko gawayin tafasa ruwa, alif, maganin sauro saboda kwatar da ba ta tafiya, maganin tarin yara, duk kuɗin kāriya ne. Mutanen Fatakwal sun ɗanɗana wannan tun daga ƙarshen 2016, lokacin da baƙar kunkunniya ta fara sauka a kan birnin, ana rufe tagogi, ana wanki sau biyu, ana sayen takunkumin hanci. Ba ma rubuta waɗannan kuɗaɗe a wuri ɗaya, shi ya sa ba ma ganin girmansu.

Hanya ta uku: kauce wa wurin

Hanya ta uku ba ta cin kuɗi kai tsaye, lokaci da walwala take ci. A kudancin Kalifoniya hukuma takan yi gargaɗi a ranar da ake sa ran iska za ta yi muni. Matthew Neidell ya nuna a 2009 cewa a irin waɗannan ranaku masu zuwa gidan namun daji na Los Angeles sukan ragu, musamman yara da tsofaffi. Amma shi da Graff Zivin sun gano wani abu kuma. Idan aka yi gargaɗin kwana biyu a jere, a rana ta biyu yawancin mutane sun koma harkokinsu. Mutum yana iya ɗage fita ta kwana ɗaya, amma ba zai ɗage rayuwarsa ba. Balle mai tallar abinci a bakin titi, ko ɗan acaɓa, ko makanike, wanda idan bai fita ba tukunya ba za ta hau wuta ba.

Sani

Yanzu mu zo ga abubuwa biyun nan da na ambata. Na farko shi ne sani. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. A garin Gurgaon, kusa da Delhi a ƙasar Indiya, Jyotsna Jalan da E. Somanathan suka gwada ruwan sha na gidaje kimanin 1,000. Waɗansu gidajen aka gaya musu sakamakon gwajin, waɗansu ba a gaya musu ba. Bayan 'yan makonni aka koma. A cikin gidajen da ba sa tace ruwa da ma, waɗanda aka gaya wa ruwansu yana da ƙwayoyin cuta sun fi fara tacewa, da ƙarin gida 11 a cikin kowane 100. An buga wannan a 2008. Ba a raba musu kuɗi ba, ba a raba musu na'ura ba. Gaskiyar abin da yake cikin randarsu kawai aka faɗa musu.

Wannan ya nuna mana cewa sau da yawa abin da muke ɗauka sakaci ne, rashin labari ne. Ruwa yana iya fitowa garau a kofi alhali yana ɗauke da cuta. Dalma ba ta da launi a ruwa, tafasawa kuma ba ta fitar da ita. Alif yana kwantar da laka, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Iskar janareta da take kashe mutane cikin barci ba ta da wari. Uwar da ba ta san waɗannan ba, ƙaunar da take yi wa 'ya'yanta ba za ta kāre su ba.

Hali

Na biyu shi ne hali. An daɗe ana lura cewa a ƙasashe matalauta mutane ba sa kashe kuɗi da yawa a kan iska mai kyau da ruwa mai tsabta, ko da yake a nan ne gurɓatar ta fi muni. Michael Greenstone da Kelsey Jack sun tattauna wannan a wata maƙala ta 2015. Daga cikin dalilan da suka kawo akwai wannan: wanda abincin yau bai tabbata ba, kowane kwabo da ya shigo hannunsa yana da wurin zuwa da ya fi gaggawa. Sun kuma ambaci rashin samun rance da rashin labari.

Wani gwaji da aka yi a Nairobi, babban birnin Kenya, ya fito da maganar fili. Susanna Berkouwer da Joshua Dean suka yi aiki da gidaje 1,000 masu girki da gawayi. Akwai wani murhu na zamani da ake sayarwa a lokacin kimanin dala 40. Suka auna, suka ga yana rage kuɗin gawayi da kashi 39 cikin 100, wato iyali za su tsira da dala 237 a cikin shekara biyu. Duk da haka, da aka ce a biya nan take, abin da gidajen suka iya bayarwa bai wuce dala 12 ba a matsakaici. Da aka ba su dama su biya kaɗan-kaɗan a cikin wata uku, abin da suka yarda su biya ya ninka. An buga sakamakon a 2022. Matan nan sun iya lissafi sarai. Kuɗin ne ba ya taruwa a hannu lokaci guda.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada wani ya dubi iyalin da suke zaune a bakin kwata ya ce su ƙazanta ba ta dame su. Kada kuma wani mai mulki ya ce tun da ba su yi ƙara ba, sun yarda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kowa tasa ta fisshe shi, ko a haɗa hannu?

Akwai darasi guda da ya ratsa dukan waɗannan bincike. Idan kowane gida ya kāre kansa shi kaɗai, jimillar kuɗin takan fi na gyaran tushen matsalar, nauyin kuma a kan talaka yake faɗawa. Misalin yana nan cikin ƙasarmu. A 1987 Dale Whittington da abokan aikinsa suka binciki cinikin ruwa a garin Anacha, aka buga a 1991. Suka tarar abin da mutanen garin suke biyan masu tankar ruwa da masu sayarwa a bokiti a shekara ya fi ninki biyu na kuɗin gudanar da ruwan famfo na garin da kula da shi. A lokacin rani gidaje mafi talauci suna kashe kimanin kashi 18 cikin 100 na abin da suke samu a kan ruwa, masu hali kuwa kashi 2 zuwa 3. Ashe ba gaskiya ba ne a ce talaka ba zai iya biyan kuɗin ruwa ba. Yana biya, har ya fi kowa biya.

Gyaran da aka yi wa kowa da kowa kuwa yana da riba. Bayan dokar tsabtace iska ta Amurka ta 1970, an tilasta wa yankunan da suka fi hayaƙi su rage. Kenneth Chay da Michael Greenstone suka lissafta a 2005 cewa tsakanin 1970 da 1980 darajar gidaje a waɗannan yankuna ta ƙaru da dala biliyan 45 saboda iskar ta gyaru. Sai dai a nan akwai abin lura ga masu haya: idan unguwa ta gyaru, kuɗin haya yakan tashi, ribar kuma ta fi zuwa ga mai gida. Wanda ya sha wahalar ƙazantar yana iya rasa wurin zama bayan an share ta.

Jinkiri ma yana da nasa kuɗin. A watan Afrilu na 2014 hukumomin birnin Flint a jihar Michigan suka koma ɗebo ruwan sha daga kogin garin domin rage kashe kuɗi. Ruwan ya ci tsofaffin bututu, dalma ta shiga famfunan gidaje. Mutane suka yi ta kuka da launin ruwan da warinsa, aka yi ta ce musu lafiya lau, har fiye da shekara guda. Wani bincike na 2023 ya nuna darajar gidajen garin ta faɗi da fiye da dala miliyan 500, ba ta kuma farfaɗo ba ko bayan an sanar ruwan ya gyaru. Bututu ana sākewa, amma amana idan ta zube ba ta kwasuwa da wuri.

Me za mu yi?

Ba na so mu tashi daga nan da labarin ƙasashen waje kawai. Ga abubuwa biyar da nake roƙo kowace ekklisiya ta kai gaban dattawanta.

Na ɗaya, kowane gida ya yi lissafi. Maigida da uwargida su zauna su rubuta na wata guda abin da suka kashe a kan ruwa, gawayi, maganin sauro, da jinyar zawo, taifot da tari. Wanda yake neman ɗakin haya ya haɗa wannan da kuɗin hayar kafin ya ce ya sami araha.

Na biyu, a gwada ruwa. Gidaje goma da suke shan rijiya ɗaya ko burtsatse ɗaya suna iya haɗa kuɗi su kai ruwan ɗakin gwaji na hukumar ruwa ko na jami'a mafi kusa. Majami'ar da take da burtsatse ita ta kamata ta fara, domin jama'a da yawa suna ɗiba da amana. A kuma duba nisan rijiya da masai. Ma'aikatan lafiya sukan ba da shawarar mita 30.

Na uku, a faɗi sakamakon. Muna da abin da masu binciken Gurgaon suka sha wahala kafin su samu, wato jama'a a wuri ɗaya kowace Lahadi. Minti biyu a lokacin sanarwa sun isa a ce rijiyar layi kaza a tafasa ruwanta, ko a tuna wa mutane kada a kunna janareta a cikin ɗaki ko a bakin taga, kada a ƙona roba da tayoyi inda yara suke wasa. A maimaita, domin mun ji yadda gargaɗi yake sanyi a rana ta biyu. Labarin kuma ya fita waje ya kai ga maƙwabta duka, domin hayaƙi ba ya tambayar inda mutum yake sujada.

Na huɗu, a sauƙaƙa biya. Iyayenmu mata, adashin da kuke yi shi ne maganin da aka gwada a Nairobi. A ware zubi ɗaya domin murhu mai cin gawayi kaɗan, ko tukunyar gas, ko abin tace ruwa, a fara da gwauraye da gidajen da suke da jarirai.

Na biyar, a kai kuka tare, a rubuce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A haɗu da mai unguwa, da limamin layi, da shugabannin matasa, a kai takarda ga duba-gari na ƙaramar hukuma, da kansila, da hukumar muhalli ta jiha. Idan masana'anta ce take zubar da dagwalo, akwai hukumar NESREA ta tarayya da aka kafa a 2007 domin tabbatar da bin dokokin muhalli. A sa kwanan wata, a sa sakamakon gwaji, a sa lissafin abin da gidaje suke kashewa, a ajiye kwafi. Takardar da take ɗauke da alƙaluma da sa hannun gida 50 ba ta ɓata a ofis da sauƙi kamar koken mutum ɗaya.

Ina da kalma ta musamman ga waɗanda Allah ya buɗa wa a cikinmu. Idan ka sami hali ka gina a sabuwar unguwa, mun taya ka murna. Amma ka tuna cewa ranar da ka tashi, tsohon layin ya rasa mutumin da ya san ƙofar ofis, wanda idan ya buga waya ana ɗauka. Kada ka ɗauke muryarka tare da kayanka. Kai kuma mai gidan haya, idan an gyara kwata, kada ladan waɗanda suka yi aikin gayya ya zama ƙarin kuɗin haya a wata mai zuwa.

Haƙuri abu ne mai kyau, muna kuma koyar da shi. Amma haƙuri bai hana a gwada ruwa ba, bai hana a rubuta takarda ba. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha idan aka haɗa hannu.

 Ubangiji ya tsare gidajenmu da 'ya'yanmu, ya ba shugabanninmu hikima da tausayi, ya kai kowa gida lafiya. Amin.